Ƙibar Ƙugu da Cinya: Yadda Ake Rage Ta Ba Tare da Cutar da Jiki Ba

Jikin ɗan Adam ba wuri ɗaya yake ajiye kitse ba. Wani da zarar ya samu sakewa sai tumbi ya fito, wuya ya cika, ƙafafu kuwa suna nan yadda suke. Wani kuma, galibi a cikin mata, kafaɗu da ƙirji da ciki ba sa nuna komai, ƙugu da mazaunai da cinyoyi ne ke tara duk abin da aka ci. Wannan ƙira ta biyu ita ce likitocin Turai ke kwatantawa da 'ya'yan itacen fiya, mai siririn sama da faɗin ƙasa, ta farkon kuma da tuffa. Mai irin wannan jiki takan gane kanta tun a wurin tela: awon riga daban, awon siket daban, kayan kanti kuwa da wuya su zauna mata sama da ƙasa a lokaci guda. Akwai maza masu irin wannan ƙira, sai dai ba su da yawa.

Wani likitan Faransa mai suna Jean Vague, wanda ya yi aiki a birnin Marseille, shi ne ya fara jawo hankalin 'yan uwansa likitoci ga wannan bambanci a shekarar 1947. Ya lura cewa a cikin marasa lafiyarsa masu ƙiba, waɗanda kitsensu ke sama, wato ciki da ƙirji da wuya, su ne suka fi fama da ciwon suga da toshewar jijiyoyin jini, masu kitse a ƙasa kuwa sun fi tsira. Maganarsa ba ta samu karɓuwa sosai ba sai bayan shekaru da dama, lokacin da binciken da aka daɗe ana yi kan maza da mata a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, wanda aka wallafa a 1984, ya tabbatar da ita. Tun daga nan tambayar likita ta zama biyu: nawa ne kitsen, kuma ina yake zaune?

Abu biyu ne ke yanke hukuncin inda kitse zai zauna, kuma babu ko ɗaya a hannun mai jikin. Na farko sinadaran jinsi ne. Kafin balaga jikin yaro da na yarinya ba su da wani babban bambanci wajen ajiye kitse. Da yarinya ta fara balaga, sinadarin istirojin yakan ƙaru, ƙashin ƙugu ya buɗe, kitse ya nufi mazaunai da cinyoyi. Saboda haka 'yar shekara 13 ko 15 da ta ga zanenta ya fara yi mata kaɗan ba cuta ce ta same ta ba, girma ne. Na biyu gado ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya duba ƙwayoyin halittar mutane sama da 200,000, ya gano wurare 49 da ke da alaƙa da yadda kitse ke rabuwa tsakanin ciki da ƙugu, kuma da yawansu sun fi tasiri a jikin mata. Yarinyar da ta dubi mahaifiyarta da innoninta da gwaggonninta za ta iya hango inda nata jikin ya dosa.

Kitsen cinya da mazaunai yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani tun da wuri, domin ita ce tushen takaicin masu son rage shi. Ƙwayoyin kitsen wurin suna ɗaukar maiƙo daga jini, amma suna da nawar sakinsa. Na ciki kuwa yana shiga yana fita kullum. Kitsen ƙugu tamkar rumbu ne da aka liƙe bakinsa don bazara: ba a buɗe shi sai hatsin da ke cikin ɗaki ya ƙare. Masu bincike a Suwidin sun nuna a 1985 cewa lokacin shayarwa ne kitsen cinyar mace ya fi sakin jiki, abin da ke nuna cewa tanadi ne jiki ya yi don ciki da goyo. Wannan ne ya sa mace za ta rage abinci, fuska ta faɗa, ƙashin wuya ya fito, zobe ya yi mata yawa, amma siket yana nan daram.

Ta fuskar lafiya wannan nawa alheri ce. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya naɗe hanji ya kewaye hanta, yana zuba maiƙonsa kai tsaye cikin jijiyar da ke kai jini hanta, kuma shi ne ke da alaƙa mai ƙarfi da taurin kan jiki ga insulin, da ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya. Na ƙugu yana riƙe maiƙon nesa da waɗannan gaɓoɓi. A wani bincike mai suna INTERHEART, wanda ya shafi mutane kimanin 27,000 a ƙasashe 52, kuma aka wallafa ɓangarensa na ƙiba a 2005, an ga cewa girman ciki yana tafiya da ƙaruwar haɗarin bugun zuciya, faɗin ƙugu kuwa yana tafiya da raguwarsa. Amma wannan ba lasisin sakaci ba ne. Nauyi nauyi ne a wurin gwiwa, ko daga ina ya zo. Wani bincike na 2005 kan dattawa masu ciwon gwiwa a Amurka ya nuna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Kuma idan ƙiba ta ci gaba da hauhawa, ƙasa takan cika, ciki ma ya fara karɓa.

Don haka kafin a fara maganar rage ƙiba, sai a fara tabbatar da cewa akwai abin ragewa. 'Yan mata da yawa da ke damun kansu da cinya ba su da ƙibar da likita zai ɗaga wa ido. Ma'aunin BMI, wanda ake samu ta raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau biyu, yana sanya matsakaici tsakanin 18.5 da 24.9, daga 25 an fara wuce iyaka, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.60 tana kan 27.3. Sai dai wannan ma'auni bai san inda kitse yake ba, bai kuma bambanta shi da tsoka ba, kuma lambobinsa na manya ne, ba na masu ƙasa da shekara 18 ba. Tef ɗin tela ya fi shi faɗin gaskiya. Ana auna kewayen ciki a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi, ba tare da shanye ciki ba. Ana auna kewayen ƙugu a inda mazaunai suka fi faɗi. Sai a raba na farko da na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana ƙaruwa sosai idan sakamakon ya kai 0.85 ga mace, ko 0.90 ga namiji. Mai ciki santimita 72 da ƙugu 102 tana kan 0.71, wato tana nesa da layin.

A nan akwai tarko ga mai faɗin ƙugu. Tun da lambar ƙasa babba ce, sakamakon na iya fitowa da kyau ko da ciki ya girma. Mai ciki santimita 95 da ƙugu 120 za ta samu 0.79, ta ɗauka lafiya lau take, alhali kuwa hukumar ta sanya santimita 80 a matsayin farkon haɗari ga mace, 88 kuma babban haɗari, wato kusan inci 31 da rabi da kusan inci 35 a tef ɗin tela. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ba da shawara a 2022: kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Ko tef ba a buƙata. A yanki zare daidai tsawon jiki, a ninka shi biyu, a ga ko zai zagaye ciki.

Tambayar da kowace mai wannan ƙira ke yi ita ce wane motsa jiki ne zai narkar da kitsen cinya shi kaɗai. Amsar ba mai daɗi ba ce: babu shi. An gwada wannan zato sau da yawa. A 1971 masu bincike a Kalifoniya sun auna hannayen 'yan wasan tanis, waɗanda suka shekara da shekaru suna aiki da hannu ɗaya fiye da ɗayan. Hannun wasan ya fi tsoka, amma kaurin kitsen hannayen biyu ɗaya ne. A 1984, a Jami'ar Massachusetts, an sa wasu maza yin atisayen ciki sama da sau 5,000 cikin kwana 27, ƙwayoyin kitsen cikinsu kuma ba su fi na baya da na mazaunai raguwa ba. A 2013 wasu masu bincike a ƙasar Chile sun sa matasa horar da ƙafa ɗaya tak na mako 12. Kitse ya ragu, amma a hannaye da gangar jiki ya ragu, ba a ƙafar da ta sha wahala ba. Dalili a fili yake: tsokar da ke aiki ba daga kitsen da ke kanta take ci ba. Daga jini take ci, jini kuma yana kwaso maiƙo daga ko'ina, daga inda ya fi sauƙin saki.

Kitse ba ya zama gumi, ba ya kuma fita ta bayan gida. Jiki yana ƙona shi ne ya zama iska da ruwa. Wani lissafi da aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 2014 ya nuna cewa cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 yana fita ne ta huhu a matsayin iskar da ake fitarwa a numfashi, sauran 1.6 kuma ruwa ne. Jiki ba ya taɓa wannan ajiya sai abin da ke shiga ya gaza abin da ake kashewa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, don haka giɓin kalori 500 a kullum yana rage kusan rabin kilo a mako, a farkon tafiya. Daga baya saurin yakan ragu, domin jikin da ya yi sauƙi ba ya cin makamashi kamar da. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar da likitoci ke ɗauka a matsayin lafiya. Kuma ba sai an zama sillen kara ba kafin a ga amfani. A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo shida ba.

A kan akushi ake samun mafi yawan wannan giɓi, kuma ba ya buƙatar abincin da ba a sani ba. Tuwo ba shi ne abokin gaba ba. Yawansa ne, da abin da ke raka shi. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitacin tsaba ko na furotin ɗin nama kuwa 4, shi ya sa babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yake da kusan kalori 120. Wadda ke kwarara mai a kan garau-garau ko ɗanwake har ya kwanta a gindin kwano tana iya ninka abincin ba tare da ta ƙara ƙoshi ba. Haka waina da ƙosai da fanke da awara: wake da waken suya abinci ne na ƙwarai, kaskon suya ne ke sauya lissafin. Alale ya fi ƙosai sauƙi, da wake ɗaya aka yi su. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da amfani, amma giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, kuma hannu ba ya gajiya da kai ta baki ana hira.

Abin sha ya fi komai yaudara, domin ba ya cika ciki. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da giram 50 da kalori kusan 200, abin da zai ci tafiyar sauri ta kusan minti 45 kafin a ƙone shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na makamashin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini duka. Zoɓo da kunun aya da fura da shayi ba su da laifi a karan kansu, sai dai mai sayarwa ya san zaƙi ne ke dawo da ciniki. Wadda ta haɗa nata a gida ita ke riƙe da cokali.

Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne a rage malmala, a ƙara miya da ganye, a tabbatar akwai abin gina jiki a kowane ci. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lalo, kuka, kuɓewa da kabewa suna cika ciki da ɗan kalori kaɗan. Wake, ƙwai, kifi, kindirmo, awara da nama marar kitse suna riƙe mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, kuma su ne ke kare tsoka daga narkewa yayin da nauyi ke sauka. Gero da dawa da acha da ba a cire musu dusa ƙarƙaf ba sun fi farar shinkafa da burodi da taliyar leda daɗewa a ciki. Watan azumi, wanda ake zaton zai rage ƙiba, yakan ƙara wa wasu, saboda buɗa-baki ya zama bikin soye-soye da kayan zaƙi har zuwa sahur.

Horon yunwa kuwa, irin na yini a kan ruwan zafi da lemon tsami, asararsa ta fi ribarsa, musamman ga mai wannan ƙira. Abin da zai fara tafiya ruwa ne da tsoka da ɗan kitsen fuska da ƙirji, sai a wayi gari sama ya ƙara tsukewa, bambancin da ake gudu ya ƙara fitowa. Ga kuma ƙarancin jini, wanda dama kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 ke fama da shi. Idan yunwar ta tsananta al'ada takan rikice ko ta ɗauke, gashi ya zube, ƙashi ya yi rauni a daidai shekarun da ya kamata yana ƙarfi. Yarinyar da ta fara ɓoye abinci, ko tilasta wa kanta amai, ko tsoron ci a gaban mutane, ta wuce maganar gyaran jiki. Ciwo ne mai iya kisa, kuma likita yake buƙata, ba faɗa ba.

Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa, amma shi ne ke tsara abin da zai saura, kuma shi ne ke hana ƙiba dawowa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Masu shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kullum. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi zai ɗaga, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiyar sauri ta isa. Tafiyar minti 15 zuwa makaranta ko islamiyya ko kasuwa da dawowa, maimakon tsayar da adaidaita sahu, ta biya kason yini. Wadda fita ke yi wa wuya tana da tsakar gida, tana da igiyar tsalle, tana da matakalar bene idan akwai. Mai nauyi sosai dai kada ta fara da tsalle ko gudu, sai gwiwa ta saba. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar sun fi dacewa a lokacin zafi, da ruwan sha a kusa. Matsalar gogar cinya, wadda kunya ke hana faɗa amma take hana mata da yawa tafiya, dogon wando mai laushi a ƙarƙashin zane da ɗan man shafawa suna maganinta.

Ƙarfafa tsoka shi ne ɓangaren da 'yan mata suka fi gudu, alhali shi ne ya fi yi wa mai faɗin ƙugu aiki. Tun da ba a iya zaɓar inda kitse zai ragu, ana iya zaɓar inda tsoka za ta ƙaru. Kafaɗu da baya da hannaye idan suka samu ɗan cika, jiki yakan daidaita a ido ko da ƙugu bai ragu da yawa ba. Ba a buƙatar ƙarfen gidan motsa jiki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka robobin ruwa biyu ko ƙaramar jarka sun isa a fara: a ɗaga su sama da kai, a sunkuya da miƙaƙƙen baya a jawo su zuwa ciki, a dafa bango ko bakin gado a sauke ƙirji a tura. Daka da jan guga a rijiya irin wannan aikin suke yi wa kafaɗa da baya, kuma injin niƙa da famfo sun ɗauke su daga gidaje da yawa ba tare da an maye gurbinsu da komai ba. Tsoron kada mace ta yi damatsa irin na ƙarti ba shi da tushe, domin sinadarin testostiron da ke gina irin wannan tsoka ya fi yawa a jinin namiji sau goma ko fiye.

Ƙafafu ma ba a barinsu don gudun kada su ƙara girma. Tsokar cinya da ta mazaunai su ne mafi girma a jiki, su suka fi shan sukarin jini, su ne kuma ke tallafar gwiwa da ƙugu. Tsugunno da miƙewa kamar mai shirin zama a kujera, ɗaga ƙugu sama daga kwance da gwiwoyi a lanƙwashe, hawa da sauka a kan dakali, duk suna yi. Abin kiyayewa shi ne gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki, diddige kuma ya zauna a ƙasa. Sau 8 zuwa 12 a jere, a huta, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a ƙara nauyi idan abin ya zama wasa. Tsallen kwaɗo irin na horon makaranta ba ya cikin lissafi. Tsoka ta fi kitse danƙarewa, don haka kilo ɗaya nata bai kai kilo ɗaya na kitse cin wuri ba, cinya na iya tsukewa sikeli bai motsa ba.

Sikeli dama ba amintaccen mai shaida ba ne a gajeren lokaci. Gishiri, cikar ciki, da kwanakin da ke gab da al'ada suna iya ƙara kilo ɗaya ko biyu na ruwa, su kuma tafi da kansu. Awo sau ɗaya a mako da safe, da tef sau ɗaya a wata, sun fi hawa sikeli kullum. Barci ma yana cikin lissafi. A wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2004, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa huɗu na dare biyu, sinadarin da ke tayar da yunwa ya ƙaru a jininsu da kashi 28 cikin 100, mai sanar da ƙoshi ya ragu da kashi 18, kuma suka fi kwaɗayin kayan zaƙi da na gishiri. Babba na buƙatar awa bakwai ko fiye, matashi takwas zuwa goma. Waya a hannu har ƙarfe biyun dare tana da hannu a ƙibar da ake ɗora wa tuwo.

Kasuwar gajeriyar hanya tana da faɗi, kuma abin lura shi ne ƙofa biyu take da ita. Ta ɗaya ana sayar wa mai ƙugu maganin rage shi, ta ɗayar ana sayar wa marar shi maganin samunsa, wani lokaci a shago ɗaya. Yawancin shayin rage ƙiba ganyen filasko ne ko danginsa, ko kuma maganin sa fitsari. Abin da suke fitarwa ruwa ne da bayan gida, kuma yawan shansu yana zubar da gishirin jini da zuciya ke dogara da shi, ya bar hanji ba ya aiki sai da su. An sha kama wasu kayan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla ɗauke da sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ɗamarar matse ciki da naɗa leda a cinya gumi kawai suke fitarwa, kofin ruwa biyu ya mayar da shi. Sabbin alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy suna aiki da gaske, amma don masu ciwon suga ko ƙiba mai tsanani aka yi su, a ƙarƙashin kulawar likita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu a 2024. Lambar NAFDAC a jikin kwali ita ce mafi ƙarancin abin dubawa, ba ta kuma maye gurbin likita.

Ta ɗaya ƙofar akwai sha-ka-fashe, wanda galibi deksametason ne ko maganin buɗe ciki. Mai shan sa don neman diri ba ta san cewa deksametason a fuska da ciki da bayan wuya yake tara kitse ba, yana kuma cinye tsokar cinya da hannu, ya jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wadda ta daɗe tana shan sa kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne, sai likita ya rage mata a hankali. Ko tiyatar zuƙe kitse ba ta yi wa jiki wayo ba. Wani gwaji a Jami'ar Colorado da aka wallafa a 2011 ya bi matan da aka zuƙe wa kitsen cinya da ƙugu. Cikin shekara ɗaya kitsen ya dawo, amma a ciki ya fi taruwa, wato an kwashe shi daga inda ba ya cutarwa an kai shi inda yake yi.

Akwai abu biyu da ake rikitawa da ƙibar cinya. Na farko gargajewar fatar cinya da mazaunai, mai 'yan ramuka-ramuka, wadda ke jikin mafi yawan matan da suka balaga, sirara da masu jiki. Tsarin zaren da ke riƙe fata ne, ba cuta ba ce, kuma mayukan da ake tallatawa ba sa kawar da ita. Na biyu cuta ce ta gaske mai suna lifodima, wadda likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Allen da Hines, suka bayyana a 1940. Kusan mata kaɗai take kamawa, takan fara da balaga ko ciki, kuma tana bin dangi. Ƙafafu biyu suna kumbura daidai wa daida daga ƙugu zuwa idon sawu, tafin ƙafa kuwa yana nan yadda yake, sai a ga kamar an ɗaure wurin da zare. Naman yana ciwo idan an taɓa, yana saurin tara jini ko da ɗan bugu kaɗan, kuma rage abinci ba ya taɓa shi sosai. Masu ita sukan shafe shekaru ana zarginsu da ci. Safar matse ƙafa ta asibiti, motsa jiki marar tsalle, da kula da nauyi suna rage wahalarta. Kumburin ƙafa ɗaya, ko wanda yatsa ke lotsawa ya bar rami, wani abu ne daban da ke buƙatar asibiti da gaggawa, haka ma ƙibar da ta zo farat ɗaya tare da rikicewar al'ada, fitowar gashi a haɓa, ko kasala da jin sanyi.

Mai ciki ba ta rage abinci don rage ƙiba, sai dai ta gyara irin abin da take ci, ta ci gaba da tafiya gwargwadon shawarar asibitin awo. Mai shayarwa ta bi a hankali bayan jego, kada nono ya ragu. Ƙirar kanta ma ba ta dawwama yadda take. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, istirojin yakan faɗi, sabon kitse ya koma taruwa a ciki, kariyar da faɗin ƙugu ke bayarwa ta ragu, tsoka da ƙashi kuma su fara raguwa da sauri. Daga wannan lokaci awon ciki da na hawan jini da na sukarin jini sukan zama abin yi a kai a kai, ko da mace ta shafe ƙuruciyarta ba ta taɓa yin tumbi ba.